A Gaishe da Rubutun Dodanni

Yabon gwani ya zama dole, kuma a nan kudancin Kano akwai wani gwani da ya daɗe yana yi mana hidima ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Ba basarake ba ne, ba ɗan majalisa ba ne, ba ya neman ƙuri'ar kowa. Haruffa ne. Waɗannan dai da ake buga mana a allon shago da fosta da katin biki, masu gutsurarren gefe kamar gara ta kwana a kansu, waɗanda jan launi ke ɗiga daga gindinsu don a nuna mana jini ne. Su da yayyensu baƙaƙe wuluk, masu ƙahonni da ƙayoyi, da in an jera manyansu a layi ɗaya ko mai digiri sai ya tsaya ya gyara tabarau. Daga Kwanar Dangora zuwa Yako, daga Kiru zuwa Bebeji, har can Tudun Wada da Doguwa, da wuya ka ratsa kasuwa ba su yi maka maraba ba. Sannunku da aiki, dodannin bango. Allah ya san kun yi ƙoƙari.

Kada wani ya ɗauka tsintattu ne. 'Ya'yan babban gida ne. Masu ƙahonnin nan sun fito daga rubutun hannu na malaman coci a Turai, kuma da irinsu Gutenberg ya buga Baibul ɗinsa a birnin Mainz na Jamus wajajen 1455. Tun kafin haka masanan Italiya suka ce rubutun ya cika cunkoso, yana gajiyar da ido, suka koma wa haruffa masu sarari, har Nicolas Jenson ya sassaƙa nasa a Venis a 1470, waɗanda jikokinsu ne kake karantawa yanzu haka. Jamusawa ne suka riƙe tsohon salon da ƙarfi har 1941, lokacin da gwamnatin Hitler da kanta ta ba da umarni a daina aiki da shi. Daga nan ya yi ritaya, ya koma zaman sunan jarida a saman shafi, irin na New York Times, da takardar shaidar digiri, da kwalbar giya. Abin da mutanen Italiya suka ajiye fiye da shekara ɗari biyar don tausayin idanunsu, mu muka tarbe shi hannu bibbiyu muka ba shi ɗakin gaba. Wa ya kai Bahaushe karɓar baƙo?

Masu zubar da jinin kuwa yara ne a kan waɗancan. Harkar finafinan tsoro ce ta raine su, daga Ingila da Amurka har Indiya, inda 'yan gidan Ramsay suka yi suna da irin su Purana Mandir na 1984. Bikin Halowin da ake yi a Amurka daren 31 ga Oktoba, yara su yi shigar fatalwa suna bin gidaje neman alewa, shi ya ba su kasuwa ta shekara-shekara. A 1995 wani mai zane ɗan Ingila, Andrew Smith, ya fitar da salon da ake kira Chiller, mai karkarwar layi da fantsamar tawada, kamfanin Microsoft ya saka shi a cikin manhajar Office tare da Old English Text, wato mai ƙahonnin. Ta wannan ƙofa suka shigo kowace kwamfuta ta kowane shagon buga takardu a Kano. CorelDraw ta ƙara musu fili. Da wayar hannu ta zo da PixelLab da Canva, ga dubban irinsu kyauta a intanet, sai aka wuce wurin. Waɗanda suka zana su sun yi su ne don kalma ɗaya ko biyu, manya, a kan fostar fim ko ƙofar gidan wasa, dare ɗaya a shekara. Wannan ai ƙuntatawa ce. Mu muka 'yanta su, muka ba su aikin dindindin, safe da yamma, rani da damina.

Abin da ya fi burge ni da su shi ne adalci. Ba sa nuna bambanci. Shagon aski, inda mutum ke miƙa wuyansa ga mai riƙe da reza, sun ƙawata allonsa da jini, don hankalin mai zuwa aski ya kwanta. Mai kemis ya samu rabonsa, domin marar lafiya ya fara ganin alamar inda za a ƙare tun daga bakin ƙofa. Mai cajin waya, mai shayi, gidan kallon ƙwallo, ƙungiyar samarin unguwa, sitikar bayan A Daidaita Sahu, duk an raba musu daidai wa daida. Har walimar saukar Alƙur'ani ba a bar ta a baya ba, an rubuta sunan makarantar Islamiyya da haruffan malaman cocin Jamus, manya zalla, yadda ko waɗanda suka ƙirƙire su ba sa jera su, don sun san ba sa karantuwa.

In kana son ganin yadda wannan alheri ke isa ga jama'a, je ka zauna a shagon mai haɗa fosta ranar kasuwa. Janareta na ƙugi a waje, mai na ƙonewa, mutum huɗu na jira a benci. Ga dattijo ya shigo da 'yar takarda a ninke, zai aurar da 'ya.

"Yaro, katin ɗaurin aure nake so. Amma a sa rubutu mai kyau, wanda zai fito sosai."

"An gama, Baba."

Yaron ya buɗe jerin salon rubutu, ya gangara, ya wuce duk masu sauƙin kai, don waɗannan a ganinsa na takardar ofis ne, kowa ma zai iya. Ya tsaya a kan wanda ya fi kowane hayaniya. Ya zuba masa ja, ya sa masa inuwa, ya karkata allon kwamfutar.

"Baba, ka ga wannan shi ake yayi yanzu."

Baba ya yi karatun allo, ya sauke, yana karanta ajami ba gargada, amma boko bai zauna masa ba. Ya ga launi ya fito, ya ga yaro ya yi aiki. "Madalla, Allah ya yi maka albarka." Aka buga ɗari biyu. Sunan ango da na amarya suna ɗigar jini a kan furanni. Wurin da aka sa lokaci, ba mai iya rantsewa ƙarfe 11 ne ko ƙarfe 1, domin ɗayan ɗayan ya narke ya shige cikin ɗan'uwansa. Ka ga wata albarkar kuma: duk wanda aka ba katin sai ya buga waya ya tambayi lokaci da wuri. Zumunci ya ƙaru, kamfanin waya ya samu ciniki. Rubutu mai karantuwa da ya hana duk wannan.

Sai tsimi da tanadi. A ƙasashen da allon hanya ke shekara ashirin bai koɗe ba, masu zane suna zama su ɓata lokaci suna kwaikwayon tsufa. Suna duba tsofaffin haruffan katako na maɗaba'un da, waɗanda suka tsage suka cinye saboda yawan bugu, su ɗauki hotonsu, su zana tsagar da karcewar a kwamfuta, su sayar. Tsufa a wurinsu kayan ado ne, don ba su da shi a bango. Mu kuwa Allah ya hore mana shi kyauta. Muna da hunturu mai busar da fenti har ya ɓare, muna da ranar bazara mai mayar da ja fari, muna da ruwan Agusta. Allon makarantar firamare na ƙauye da aka rubuta da kyau, ba shi shekara uku, zai zama abin da mai zane a Landan zai biya kuɗi ya samu. Da can sai mun jira waɗannan shekarun kafin allo ya daina karantuwa. Yanzu ranar da aka kafa shi a ranar ya mutu. An hutar da hunturu, an hutar da rana. Kuma ba mai iya zargin kowa da sakaci, domin in an ce allon asibitin nan ya lalace, sai a ce a'a, salo ne.

Amma babban aikin da suka yi wa Hausa, wanda ya isa a yi musu kirari da tambari, shi ne raba mu da ƙugiya. A cikin Chiller babu ƙ. A cikin Old English Text babu ɗ, babu ɓ. Haka mafi yawan 'yan'uwansu da ake saukewa daga intanet, domin wanda ya zana su bai san da mu ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba don mu ya yi ba. In yaron shago ya buga harafi mai ƙugiya, ɗayan biyu ne: ko wani ɗan akwati fanko ya fito a tsakiyar kalma, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salon, ya tsaya shi kaɗai siriri a tsakiyar dodanni. Yaro ya ga aikinsa zai ɓaci, sai ya cire ƙugiyar kawai, a wuce wurin. Shi ya sa za ka ga ƙyalle an shimfiɗa a ƙofar taro ana yi wa "manyan baki" barka da zuwa, alhali baƙi aka gayyata. Shi ya sa ɗan takara ke manna fostarsa a kowace bishiya yana shaida wa duniya shi mai kishin "kasa" ne, kuma kasa dai kowane manomi a Doguwa ya san macijiya ce. Wani lokacin har gaskiya suke faɗa ba da niyya ba, waɗannan haruffa masu albarka.

A tuna wahalar da aka sha kafin a samu ƙugiyar nan, sai a ƙara gane girman sauƙin da aka yi mana. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, ana ta fama da ɗigo da alamomi don a bambanta sautukan da Turanci ba shi da su. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934. A cikin shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka samu zama, a zamanin da Rupert East ke jagorancin hukumar talifi a Zariya, zamanin da Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A wancan lokaci harafi ƙarfe ne, kowane ɗaya sai an zuba shi a ma'auninsa, a jera shi da hannu ko da inji. Ƙ ɗaya tak kuɗi ce, aiki ce, jira ce. Duk da haka suka nace, don sun ga bai dace yaron Bahaushe ya riƙa canke tsakanin ƙara da kara ba. Aka zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki. Malaman Jami'ar Bayero da na Zariya da Sakkwato suka ƙare ƙuruciyarsu a kan daidaita wannan rubutu. Yau ƙugiyar tana cikin wayar hannu ta zamani, danna harafi ka riƙe kawai, ba ko kwabo. A daidai lokacin da ta zama kyauta ne muka samu gwanin da ya sauke mana ita. Aikin shekara tamanin da wani abu, ya share shi a cikin daƙiƙa, don a samu jini ya ɗiga da kyau.

Yara ma sun amfana, kuma wannan ne wurin da zuciyata ke ƙuna in na tuna. A gidan da babu littafi, bango shi ne littafin yaro. Ɗan aji biyu da malam ya koya wa a, ba, ca yau da safe, in an tashi yana tafe yana neman su a duk inda ido ya faɗa. Na ga yarinya riƙe da hannun yayanta a bakin kasuwa, ta tsaya gaban wani allo, ta ɗaga yatsa tana bin haruffan ɗaya-ɗaya, leɓenta na motsi. Ta gane na farko. Na biyu ta ce, "Yaya, wannan mene ne?" Ya duba, shi da ke aji biyar, ya ce shi ma bai sani ba, ya ja hannunta suka tafi. Harafin A ne. A ɗin da ta rubuta sau ashirin a littafinta a ranar. An sa masa ƙaho biyu da wutsiya har ya fita daga kamanninsa. Abin da yarinyar nan ta koya a wurin shi ne karatun da ake yi mata a aji daban, rubutun duniya daban, kuma na duniyar ba nata ba ne. Darasi ne mai amfani ga 'yar talaka, gara ta san matsayinta da wuri. Madalla da malamin da ya koyar da shi ba albashi.

Ba yara kaɗai ba. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 ake tara manya da yamma ana koya musu haɗa baƙi. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda har UNESCO ta karrama a 1983. A Yunin 2024 gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk wannan fafutuka don a samu magidanci ko uwar gida su iya karanta abin da ke gabansu ba sai sun nemi wani ba. Wanda ya koyi karatu da girma, da ƙyar ya kama siffar harafi guda, in aka canza mata fuska ta kuɓuce masa. Gwaninmu ya tsaya a ƙofar kowane shago yana tabbatar da cewa wanda ya fito daga ajin yamma bai yi girman kai ba.

Wani zai ce ai Bahaushe ma yana son ado a rubutu. Ƙwarai kuwa, kuma ya iya. A je a dubi Alƙur'ani rubutun hannu irin na Kano, mai kaurin alƙalami, irin wanda Sharif Bala Gabari ya yi suna a kai har aka riƙa ɗaukar hoton rubutunsa ana bugawa ana sayarwa a kasuwanni. Akwai baƙi, akwai ja, akwai rawaya, akwai zayyana a gefe. Amma baƙar tawada ta baƙaƙe ce, ja ta wasulla ce, rawaya ta hamza ce. Kowane launi yana riƙe da hannun mai karatu yana nuna masa hanya. Zayyana tana zama a gefenta, ba ta hawa kan harafi ta danne shi. Allon zayyana na mai sauka ya fi kowace fosta kyau, kuma ba harafi ɗaya da ya ɓace a cikinsa. Har masu zanen haruffa na ƙungiyar SIL sun ga darajar wannan salon na Kano, sun mayar da shi na kwamfuta, suka sa masa suna Alkalami, suka sake shi kyauta ga duniya. Amma wannan na gida ne, tsohon yayi ne, ba ya ba kowa tsoro. Ina amfanin jan da ke taimaka wa mai karatu, ga jan da ke ɗiga?

Tsoron ma ai muna da ƙarancinsa, dole a shigo da shi daga waje. Mutanen Tudun Wada da Doguwa da suka yi shekaru suna ratsa dajin Falgore da addu'a a baki, saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane, me suka sani game da fargaba? Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare, mota ba ta samuwa, asibiti da nisa, ina ta taɓa jin faɗuwar gaba? Direban da ke bin titin Kano zuwa Zariya da daddare tsakanin manyan motoci? Waɗannan mutane suna bukatar a tuna musu cewa akwai abin tsoro a duniya, kuma ba inda ya fi dacewa a tuna musu sai a allon mai sayar da lemo.

Kakanninmu da suka ba mu labarin Dodo a tatsuniya sun san abin da suke yi da tsoro. Suna ajiye shi a bakin rijiya, a bakin kogi, a kan fitar dare, wuraren da yaro zai iya halaka. Tsoro a hannunsu shinge ne. Turawan da suka ƙirƙiri rubutun dodannin su ma ba su yarda ya kusanci inda rai yake ba. Da Ingila ta tashi gyara allunan hanyoyinta tsakanin 1957 da 1963, Jock Kinneir da Margaret Calvert ta ba aikin, suka zana haruffa masu sarari da direba zai karanta daga nesa yana gudu. Layin dogon da ya isa Kano a 1911, wanda ya ratsa ta Dangora da Yako, tsarinsa ke nan tun asali: sunan tasha a rubuta shi ɓaro-ɓaro, don fasinja ya san inda zai sauka. Inda kuskuren karatu zai iya jawo asara, ba a wasa da harafi.

To mu ina muka ajiye namu shingen? Mu je rumfar mai maganin feshi. Yankin nan na manoma ne, masara da dawa da shinkafa da wake, kuma yau da wuya ka samu gonar da ba a yi mata feshin ciyawa ko na ƙwari. Jarkar kamfani tana zuwa da gargaɗinta: hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu ga mai tsananin haɗari, da zirin launi a gindin takardar, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore, gwargwadon ƙarfin gubar. Bayanin kuwa galibi da Turanci ne, da haruffa ƙanana da sai mai kaifin ido. Amma ƙaramin manomi ba ya iya sayen jarka. Sai a tsiyaya masa a tsohuwar gorar ruwa ko ta lemo, a ɗaure baki da leda. Fiya-fiya ma haka ake yawo da ita a ƙananan kwalabe. Ɗauki gorar nan ka juya ta. Ba ƙoƙon kai, ba ja, ba harafi ko ɗaya. Wani lokacin ma takardar lemon tana nan manne a jikinta. Haka za ta shiga gida, a ajiye ta ƙarƙashin gado ko bayan randa, inda yaro mai rarrafe ke wasa, inda mai ƙishirwa zai lalubo ta a duhu.

Haɗarin ba ɓoyayye ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya a jikinsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kantuna da kasuwanni barkatai, bayan rayukan da aka yi ta rasawa. Ga wurin da ake bukatar harafi mai firgitarwa, ja jawur, wanda ko wanda bai yi boko ba zai gani ya ja da baya. A nan ne gwaninmu ya nuna kunya da kawaici, bai leƙo ba. Yana can yana aiki a katin suna. Mun kashe jan launi da siffar jini a kan aski da shayi da biki har ido ya saba, ya daina jin komai. Yaron da ya tashi yana ganin ƙoƙon kai a sitikar babur da rigar 'yan ƙwallon unguwa, ranar da ya gan shi a jikin jarka me zai hana shi ɗauka ado ne? Wannan ita ce babbar nasarar rubutun dodanni a ƙasarmu: ya sa abin wasa ya yi kama da guba, ya bar guba tana kama da abin sha.

Ba na cewa a kore su daga gari. Suna da gidansu. Fim ɗin aljanu na Kannywood, ko fassarar fim ɗin tsoro na Indiya da ake kallo a gidajen kallo, ko bangon littafin yaƙi da matsafa, a sa musu sunansu da haruffa masu ƙaho, ya dace, mai saye ya san abin da zai tarar a ciki. Kuma ba na ɗora wa yaron shago laifin shi kaɗai. Ba wanda ya koya masa. Ya koyi aikin a tsaye a bayan maigidansa, ko a waya da datarsa, yana ciyar da gida da shi, kuma in ya yi rubutu mai sauƙi wani mai kawo aikin zai ce bai yi komai ba, a rage kuɗi. Yaran nan suna da ido, suna da hannu. Wanda ya iya sa wa harafi inuwa da jini, zai iya koyon abin da ya fi wannan wuya, wato ya bar harafi ya yi aikinsa.

Don haka ga roƙona gare ku, ƙannena masu haɗa fosta a Yako da Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Akwai salon rubutu na kyauta masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ cikakku, irin su Andika da aka zana musamman don masu koyon karatu, da Noto. Ku sauke su, ku sa su a gaba. Kafin ku karɓi kowane sabon salo, ku buga "ɓarawo ya ƙona ɗaki" ku gani, in akwati ya fito ku goge shi. Ku kuma iyayena da yayyena masu kai aiki, kafin a buga, ku kira ɗan aji uku ya karanta muku da ƙarfi daga allon kwamfutar. In ya yi tuntuɓe, a sake, kuɗinku ne.

Masu sayar da maganin feshi, da shugabannin kasuwa, da sassan lafiya da na gona na ƙananan hukumominmu, aikin da ya rage naku ne, kuma ba shi da tsada. A buga sitika ja mai kalma ɗaya, GUBA, da boko da ajami, da manyan haruffa masu sarari da hoton ƙoƙon kai, a raba wa kowace rumfa. Kada gora ɗaya ta bar kasuwa ba a manna mata ba.